Murfin Dutsen Malam Lawal

Istifanus yana durƙushe a gefen teburi yana goge layin dogo da tsumma lokacin da jiniyar ƙarfe biyu ta kaɗa. Ya ji 'yan aikin safe suna wucewa ta bayan sito, ana jan silifa ana rige-rigen adaidaita sahu, 'yan aikin rana kuma suna shigowa. Bai ɗaga kai ba. Sau uku ke nan yana goge layin nan tun safe, ya kuma san babu ko ɗigon datti a jikinsa, amma hannunsa ya ƙi zama wuri ɗaya.

Layin dogon da ake magana faɗinsa bai wuce na ɗan yatsa ba. An shimfiɗa shi ne a kan tsofaffin ƙyamare biyu da aka haɗa aka yi musu ƙafafu, a cikin wani sito da ke can ƙarshen kamfanin robobi a Sharaɗa, inda ake jibge injinan da suka mutu. A kan teburin akwai tasha mai rufin kwano, da gada, da tankin ruwa, da bishiyoyin da aka yi da soso aka shafa musu koren fenti. A kusurwar gabas kuma ga dutse, tsayinsa ya kai kamu biyu, layin ya shige ta cikinsa ya yi kwana ya ɓulla ta ɗaya gefen. Wannan shi ne kogon, kuma saboda shi Istifanus ya yi mako uku bai ci abincin rana a zaune ba.

Shekara tara da suka wuce wani manaja baƙo ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu, ya bar tarkace a gidan kamfani. Malam Lawal, kafintan kamfanin, shi aka tura ya kwashe, shi ya tsinci kwalin: kan jirgi guda, tarago uku, da layi gunduwa-gunduwa. Ya kawo wa Istifanus, wanda shi ne fita mai gyaran injina, ya ce ya duba ko abin yana da sauran rai. Istifanus ya buɗe cikin kan jirgin ya share, ya jona masa batirin mota, sai ga ƙafafu suna juyawa. Manyan mutane biyu masu furfura suka tsaya suna kallon juna kamar an yi musu bushara.

Ba banza abin ya kama su ba. Istifanus a Kafanchan aka haife shi, mahaifinsa mai gyaran layin dogo ne. Malam Lawal kuma ɗan garin Malam Madori ne, da kukan jirgin Nguru ya tashi. Tun daga ranar, in an tashi hutun rana, Malam Lawal ya yi azahar ya taho sito, ya tarar da Istifanus ya riga shi. Ma'aikata suka yi musu dariya har suka gaji, suka ce tsufa ne ya zo musu ta baya. Su kuwa ko a jikinsu. Ɗaya ya yanka katako, ɗaya ya ja waya, suna yi suna gardama, don kafinta da fita ba su taɓa yarda da awon juna ba.

Kogon a jikin kwalin suka gan shi, hoton jirgi yana fitowa daga cikin dutse. Babu wanda a cikinsu ya taɓa ganin irinsa ido da ido, amma Malam Lawal ya ɗora masa rai. Shekara biyu suna tsara shi a bayan takardun aiki. Malam Lawal ya kafa haƙarƙarin katako, ya lulluɓe da wayar kejin kaji, ya jiƙa takardar buhun siminti da sitati ya manna, ya bi da farin simintin silin yana murzawa da tafin hannu har abin ya zama dutse. Saman dutsen kuwa daban ya gina shi, kamar murfin tukunya, ya ɗora kawai ya bari. Washegari da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a wurin aikinsa, guduma a hannu. Likita ya ce hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye.

Wata huɗu ke nan. Mako uku da suka wuce Musbahu, babban ɗan Malam Lawal, ya kira Istifanus a waya ya ce sun yanke shawarar mayar da Baba gida Malam Madori, zaman Ɗorayi ya gagara, jinya tana son mutane. Ya ce nan da mako uku, ranar Asabar, wato yau ke nan, za su tafi, amma Baba ya kafe ba zai bar Kano ba sai ya ga jirgi ya shiga kogo ya fito. Istifanus ya san abin da tafiyar take nufi, ya san ba dawowa za a yi ba. Don haka ya tattara ƙarfinsa ya ƙarasa aikin shi kaɗai.

Ya duba agogo, biyu da kwata. Ya sake ɗora kan jirgin a kan layi ya murɗa makunni. Jirgin ya bi ta gaban tasha, ya haye gada, ya shige duhu, ya fito lafiya lau. Hankalinsa ya ɗan kwanta. Taragon dai babu su a nan, don Malam Lawal ya tafi da su gida tun kafin ya kwanta, zai sake musu fenti.

Abdulbaƙi mai gadi ya leƙo ta ƙofa. “Oga Istifanus, baƙinka sun iso. Na buɗe musu ƙaramin get, motar tana nan bayan janareta.”

Musbahu ne ya turo keken marasa lafiya ya shigo. Istifanus yana zuwa Ɗorayi duk Lahadi bayan an tashi daga coci, don haka ramar ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Amma ganin mutumin a cikin sitonsu, a zaune, an sa masa farar shadda da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, shi ya karya masa zuciya. Hannun dama yana kwance a cinya. Hannun hagu yana riƙe da kwalin takalmi gam.

“Kafinta, ka makara,” in ji Istifanus. “An tashi hutu tun ɗazu.”

Gefen bakin Malam Lawal da ke motsi ya ɗan ɗaga. “Fita,” ya ce. Haka yake kiransa, da sunan sana'arsa. Maganar tana fitowa da nauyi, kalma ɗaya-ɗaya. “Ka… tsufa.”

“Baba Istifanus, ina wuni,” Musbahu ya rusuna. “Ku yi haƙuri, ba za mu daɗe ba. Umma da kaya suna can Ɗorayi suna jira, kuma ina so mu kama hanyar Haɗeja da sauran rana. Kun san jikin nasa ba ya son wahala.”

“Minti goma ya ishe mu.”

Aka tura keken har bakin teburi. Malam Lawal ya daɗe yana kallon dutsen. Istifanus ya shafa masa fenti ruwan ƙasa da toka-toka, ya dasa ciyawar soso a gindinsa, ya zana wa bakin kogon layin bulo da tsinken ashana. Ya tsaya a gefe yana jiran hukunci kamar yaron da aka karɓi allonsa. Malam Lawal ya gyaɗa kai sau ɗaya, sannan ya tura masa kwalin takalmin.

Tarago uku ne a ciki, kowanne a naɗe da tsumma. Biyu gajeru na kaya, ɗaya dogo na fasinja, an yi masa fentin kore da fari. Da Istifanus ya ɗaga dogon ya kalli tagoginsa sai ya ga mutane a ciki. An sassaƙa su da guntun katako, kowanne bai kai ƙwayar gyaɗa ba, wasu da hula, wasu da ɗankwali, har da wata mai goyo.

“Yaushe ka yi wannan?”

“Kafin ya kwanta ne,” Musbahu ya amsa. “Kullum bayan la'asar yana ƙofar gida da reza. Umma har faɗa take yi, wai zai yanke yatsa a kan 'yar tsana.”

Istifanus ya jera taragon a bayan kan jirgin, ya maƙala su ɗaya bayan ɗaya. Ya jawo makunnin ya ajiye kusa da hannun hagun abokinsa. Malam Lawal ya lalubo shi ya murɗa.

Jirgi ya tashi. Ya bar tasha a hankali, ƙafafu suna ƙas-ƙas a kan mahaɗar layi, ya haye gada, ya miƙe ya nufi dutse. Kan jirgin ya shige, taragon kaya suka bi shi, na fasinja ya shige a ƙarshe. Su uku suka mayar da ido kan ɗaya bakin kogon.

Ba abin da ya fito. Daga cikin dutsen sai wani ɗan ƙara, kamar an taka busasshen kara, sannan kukan inji yana juyawa a wuri ɗaya.

Istifanus ya yi sauri ya kashe. Ya juya wutar baya ya sake kunnawa, injin ya yi gurnani, ba abin da ya motsa. Ya durƙusa ya haska fitilar waya ta baki, bai ga komai ba sai kwana. Ya naɗe hannun riga ya zura hannu, ya shiga har gwiwar hannu ya tsaya, yatsunsa suna kama iska. Zufa ta karyo masa.

“Baba, ko a samo waya a jawo shi?” in ji Musbahu.

Istifanus ya yanko waya ya lanƙwasa bakinta, ya zura ta ɗaya gefen yana lalube. Ya ji ta kama wani abu, ya ja a hankali. Aka ji ƙas, sai ga kan jirgin ya fito shi kaɗai a karkace, taragon sun tsinke sun zauna a ciki.

“To alhamdu lillahi, ai ga shi ya fito,” Musbahu ya ce, yana sunkuyawa wajen kunnen mahaifinsa. “Baba, kun gani ko? Ya shiga ya fito. Sai mu tafi.”

Malam Lawal bai ko kalli kan jirgin ba. Ya nuna dutsen da haɓa. “Fasinja,” ya ce. Ya huta, ya sake tattaro numfashi. “Suna… ciki.”

Daga nan ya miƙa hannun hagu ya dafa saman dutsen, ya sa yatsu a gefe ya ɗaga, yadda mutum yake ɗaga murfin da ya san shi ya ɗora. Dutsen bai motsa ba. Ya sake gwadawa. Ya shafa wurin da ya kamata a ce akwai tsaga, ya ji sumul. Sai ya juyo ya zuba wa Istifanus ido.

Istifanus ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba a shekara talatin da ya yi yana aiki. Shi fita ne, kuma fita ba ya ganin abu yana rawa ya wuce. Duk rayuwarsa abin da ya sani shi ne, abin da ba a ɗaure ba shi ke cire wa mutum yatsa. Da ya zo ƙarasa aikin ya taɓa murfin ya ji yana girgiɗi, sai ya ɗauka ciwo ne ya hana abokinsa gamawa. Ya zuba gam, ya ɗaura sukuru takwas, ya bi tsagar da siminti har ta ɓace. Kafin ya rufe kuma ya kafa wani guntun katako a ciki, daidai kwana, don ya tokare saman kada ya lotsa. Ya auna da ma'aunin ƙarfe, kan jirgi yana wucewa har da sauran wuri. Bai tuna cewa dogon tarago in ya zo kwana cikinsa yakan fita waje ba.

“Na ɗaure shi,” ya ce, muryarsa a ƙasa. “Na ga yana rawa. Na zaci ba ka gama ba ne.”

Malam Lawal ya rufe ido. Kafaɗarsa ta hagu ta fara motsi, Musbahu ya matso a tsorace, sai suka gane dariya yake yi, marar sauti, har da hawaye a gefen ido.

“Fita,” ya ce. “Ƙofa… ce.”

“Na gane yanzu.”

“Zarto.”

Istifanus ya girgiza kai. “A'a. Ba zan sa wa wannan zarto ba. Akwai gam, akwai sukuru, in na taɓa shi fashewa zai yi. Ka ba ni kwana biyu in bi ta ƙarƙashin teburi in huda.”

“Baba, ba mu da kwana biyu,” Musbahu ya ce a hankali. “An riga an sallami ɗakin haya, motar ma aro ce.”

“To a bar su a ciki, ni zan fito da su daga baya.” Istifanus ya juya wajen abokinsa, maganar da yake ta dannewa tun safe ta kuɓuce masa. “Malam Lawal, wannan ne aikin ƙarshe da hannunka ya yi. Ga shatin yatsunka nan a jiki, da na zo fenti ban shafe ko ɗaya ba. Kai za ka tafi, shi za ka bar mini. Kada ka sa ni in fasa shi.”

Malam Lawal ya kalli hannunsa na dama da ke kwance a cinya, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗora yatsan hagu a jikin dutsen ya fara ja a hankali, daga saman bakin kogo, ya bi ta gefe, ya zagaya. Simintin ya rufe tsagar, fenti ya rufe simintin, amma yatsan bai kauce ba ko kaɗan. Da ya kai inda hannunsa ya gaza, ya tsaya ya dubi Istifanus yana jira.

Istifanus ya ciro fensir daga bayan kunne ya bi sawun yatsan. Ya je ya buɗe akwatin kayan aikin Malam Lawal, wanda ba wanda ya taɓa tun wata huɗu, ya ɗauko ƙaramin zarto mai siririn baki.

Yankan ya ɗauki lokaci. Farar ƙura ta riƙa zuba a kan ciyawar soso da rufin tasha. Duk inda zarto ya ci karo da sukuru sai ya yi ƙara mai tsaga haƙori, Istifanus ya tsaya ya tono kan sukurun ya kwance. Musbahu ya fita ya amsa waya, aka ji yana cewa, “Umma, ku ƙara haƙuri, ga mu nan.” Da ya dawo ya tuɓe agogonsa ya sa a aljihu, ya riƙe wa Istifanus gefen teburi. Malam Lawal kuwa yana bin bakin zarton da ido, in ya kauce ya buga hannun keke, in ya dawo kan layi ya yi shiru. Ko a wannan hali bai yarda da yankan fita ba.

An fara kiran la'asar a masallacin bakin get lokacin da sukuru na takwas ya fita. Istifanus ya sa hannu biyu ya ɗaga a hankali. Gam ya riƙe ta gefe ɗaya. Ya ƙara ƙarfi kaɗan, sai murfin ya tsage tun daga sama har ƙasa, ya rabu biyu a hannunsa.

Ya tsaya riƙe da ɓari biyu, bai san inda zai ajiye su ba. Ya kasa kallon kowa.

Malam Lawal ko kallon murfin bai yi ba. Ya miƙa wuya yana leƙen cikin dutsen. Ga haƙarƙarin katakonsa a jere, ga wayar kaji, ga bayan takardar siminti da rubutunta. Ga dogon tarago ya jingina da guntun katakon Istifanus, ƙafafunsa na gaba sun sauka daga layi, fasinja suna zaune yadda aka zaunar da su. Istifanus ya ajiye ɓarin murfin, ya sa filaya ya fizge tokaren ya jefar. Ya hure ƙura, ya goge layi, ya mayar da taragon, ya maƙala kan jirgi. Ya kai su tasha ya tura makunnin wajen mai shi.

Jirgi ya sake tashi. Ya haye gada, ya shiga bakin kogo, sai ga shi a fili a tsakiyar dutse, yana bin kwana tsakanin haƙarƙarin katako, dogon tarago yana fitar da ciki yana wucewa ba abin da ya taɓa shi. Ya ɓulla ta ɗaya bakin da taragonsa uku cif, ya zagayo ya wuce tasha. Malam Lawal bai kashe ba. Jirgin ya sake zagayawa, ya kuma sakewa, kan tsohon yana juyawa tare da shi.

Istifanus ya ɗauko ɓarin murfin ya haɗa bakinsu yana dubawa. “Zai gyaru,” ya ce. “In na sa masa waya ta ciki na bi da siminti, ba mai gane ya taɓa fashewa. Wannan karon ɗorawa kawai zan yi, na yi maka alkawari. Bari ma in ɗora yanzu ka ga yadda yake shiga duhu ya fito, ai abin da ka zo gani ke nan.”

Ya matso da su. Hannun hagun Malam Lawal ya saki makunni ya kama masa wuyan hannu. Riƙon ba ƙarfi, amma Istifanus ya tsaya.

“Kar ka… rufe.”

“Shekara biyu kana neman kogo, Kafinta.”

Malam Lawal bai ɗauke ido daga kan layin ba. Jirgin ya sauko daga gada ya nufo dutse.

“In ya shiga,” ya ce, ya huta, “ba na… ganinsa.”

Istifanus ya sunkuya ya tura ɓarin murfin biyu ƙarƙashin teburi. Ya jawo wani tsohon bokiti ya kife kusa da keken ya zauna. Musbahu ya sa hannu a aljihun da agogonsa yake, ya ɗan tsaya, sannan ya fito da hannun haka nan, ya ce bari ya je ya yi la'asar tukuna.